Karkatar da ba ta kwamfuta ba

Masu sukar haruffan Didot da Bodoni hujjarsu ɗaya ce kullum: wai siririn layinsu yana gajiyar da ido, kuma ba ya fita a fuskar waya. Su ne suka yi tafi a 2018 da kamfanin tufafi na Burberry ya jefar da tsohon tambarinsa ya ɗauki haruffa marasa ƙafa. A 2023 kamfanin ya koma kan masu ƙafar. Ai ba don a karanta takardar shan magani aka yi haruffan Didot da Bodoni ba.

Italik, wato haruffa masu karkata, ya fito ne daga Venice a 1501, sa'ad da Francesco Griffo ya sassaƙa wa Aldus Manutius haruffa masu kwaikwayon hannun marubuta. Bayan kusan shekara 300, Firmin Didot a Paris da Giambattista Bodoni a Parma suka kai bambancin kauri da sirantar layi maƙura. Alexey Brodovitch, wanda ya tsara shafukan mujallar Harper's Bazaar daga 1934 zuwa 1958, ya sa salon ya zama na tallar tufafi.

Abin da nake karewa shi ne italik na ainihi. Dubi ƙaramin "a": a tsaye bene biyu ne, a italik sai ya koma ciki guda a zagaye. Shi kuwa "f" yakan zura wutsiya ƙasan layi, ya ƙare da ɗigo. Ƙafafun da ke kwance a gindin "n" sukan ɓace, a madadinsu wani zare ya shigo daga hagu ya fita ta dama, yana miƙa wa harafi na gaba hannu. Kauri da sirantar ma daga alƙalami suka samo asali. Alƙalamin karan da malami ke feƙewa yana samun kauri ne daga yadda aka riƙe bakinsa. Na zamanin Didot mai tsini ne, sai an danna yake buɗewa. Shi ya sa kaurin ke sauka a gangara, sirantar kuma a hawa. Danna maɓallin kwamfuta a tura tsayayyen harafi gefe ba ya kawo ko ɗaya daga cikin waɗannan, "o" kawai yake lanƙwasawa kamar an taka shi.

Zancen ɓacewar layi kuwa an magance shi tun a 1991, lokacin da Jonathan Hoefler ya zana wa Harper's Bazaar sabon Didot mai zubi daban-daban gwargwadon girman rubutu: na bangon mujalla siriri ƙwarai, na ƙanana da ɗan kauri. Laifin na wanda ya ɗauki zubin bango ya rubuta farashi da shi ne.

A ganina tsadar da ake hangowa a harafin daga raunin layin take. Ba ya jure takarda mai shan tawada ko injin da ya gaji, don haka fitowarsa tas shaida ce an kashe kuɗi. Takaicina ɗaya: da yawa daga cikin ire-iren waɗannan haruffa ba su da ɓ da ɗ da ƙ, sai ka ga tallar tela a Kano an cusa baƙon harafi a tsakiyar kalma.