Kunne Kafin Ido: Gwanintar Zaɓen Jitar Sujada

A majami'un Jos da Kaduna da Gombe da Yola, ko na ECWA ne ko COCIN ko EYN, jitar lantarki ta daɗe da samun wurin zama kusa da ganguna da kibod. Jama'a sun san mai kaɗa ta, suna kuma yaba masa idan yatsunsa sun yi abin kirki. Wanda ba a cika sani ba shi ne mutumin da ikkilisiya ke danƙa wa kuɗi ta ce ya je ya sayo jitar. Sau da yawa tsohon makaɗi ne da jitoci da dama suka tsufa a hannunsa. Aikinsa na yini ɗaya ne, amma sakamakonsa zai yi shekaru yana fita daga lasifika kowace Lahadi. Wannan gwaninta ta isa a tsaya a dube ta, domin akwai ilimi a cikinta, akwai kuma tawali'u.

Tun kafin ya nufi kasuwa, gwanin yakan zauna a majami'ar ranar koyon waƙa ya kasa kunne. Yana lissafin waɗanda suka riga suka cika wuri: jitar bes da babbar ganga sun riƙe ƙasa, mai kibod ya baza hannu biyu a tsakiya, muryoyin mawaƙa da na jama'a su ma a tsakiyar suke. Yana duban ginin kansa, domin rufin kwano da bangon siminti suna mayar da sauti, kuma sauti mai kauri shi ne ya fi cakuɗewa a irin wannan ɗaki. Daga nan yake gane inda ya rage wa jita: can sama kaɗan, wuri siriri mai haske, inda za a ji ta ba tare da ta danne kalmomin waƙa ba. Duk abin da zai duba a shago daga wannan lissafi yake tasowa.

Shi ya sa idonsa yakan fara sauka a kan samfuri biyu da Leo Fender ya ƙera a Kaliforniya ta Amurka. Fender ba makaɗin jita ba ne, mai gyaran rediyo ne, kuma tunanin mai gyara ya sa a cikin aikinsa. Jitar da ya fitar a 1950, wadda ta koma Telecaster a 1951, falankin katako ce da aka ɗaura wa wuya da kusoshi huɗu. In wuyan ya lalace sai a kwance a sa wani. Muryarta siririya ce mai kaifi, tana ratsa taro ba sai an ƙara mata ƙarfi ba. A 1954 Stratocaster ta biyo baya da jiki mai lanƙwasa da ke kwanciya a haƙarƙarin makaɗi, da murya mai ɗan taushi. Har yau yawancin jitocin da ke rataye a shagunan Alaba a Legas ko Sabon Gari a Kano, a kan siffar waɗannan biyu ko ta Les Paul ta kamfanin Gibson, wadda ta fito a 1952, aka yanka su.

Sirrin muryar jitar lantarki yana ƙarƙashin tsirkiyoyi, a abin da makaɗa ke kira fikof. Maganaɗisu ne da aka naɗe shi da siririyar wayar jan ƙarfe dubban zagaye. Idan tsirkiyar ƙarfe ta girgiza a samansa, sai ya haifar da 'yar ƙaramar wuta, amfilifaya ta ƙara mata ƙarfi ta zama sauti. Mai naɗi ɗaya, irin na Fender, yana ba da murya tas, amma kunnensa ya cika ji: yana kwaso ƙugin wutar lantarkin da ke kewaye da shi. Wutarmu tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, kuma wannan juyawa ce ake ji tana gurnani a lasifika. A majami'ar da janareta ke bayan bango, fankoki na juyawa a sama, wayoyin gini kuma ba a haɗa su da ƙasa yadda ya kamata ba, gurnanin yakan fito fili daidai lokacin da fasto ya ce a yi shiru a yi addu'a. Wani injiniyan Gibson mai suna Seth Lover ya samo maganinsa, aka fara sa shi a Les Paul a 1957: naɗi biyu gefe da gefe, ɗaya a juye, yadda ƙugin da wannan ya kwaso zai kashe na wancan, sautin tsirkiya kuwa ya haɗu ya ƙaru. Shi ne hambaka. Ladansa shiru da kauri, farashinsa kuma raguwar haske.

A nan ake ganin hankalin gwani, domin ya san sujadar Lahadi fuska biyu gare ta. Akwai lokacin yabo, inda ganga ke gudu, Zumuntar Mata ke taka rawa, jita kuma ke tsinta 'yan sautuka ɗaya bayan ɗaya a salon hailaif. Wannan yana son mai naɗi ɗaya, ba gauraye. Akwai kuma lokacin natsuwa, inda makaɗi ke murɗa maɓallin ƙarfi a hankali don sauti ya taso ba a ji bugun tsirkiya ba, feda mai maimaita sauti da mai amsa-kuwwa suna shimfiɗa shi a bayan muryoyi. Wannan yana son jita marar ƙugi, mai jan numfashi. Majami'ar da ke da kuɗin jita ɗaya tak tana bukatar wadda za ta yi duka biyun. Don haka gwanin yakan nemi mai fikof uku: biyu masu naɗi ɗaya, da hambaka a gindi, irin tsarin Yamaha Pacifica 112. Yakan kuma tura makunnin zaɓen fikof zuwa matsayi na biyu da na huɗu ya saurara, domin a jitoci da yawa an juya naɗin fikof na tsakiya don ƙugi ya mutu idan ya haɗu da maƙwabcinsa. Jita mai rami a ciki kuwa, irin Gibson ES-335 ta 1958, tana da murya mai daɗi ƙwarai, kuma katakon da aka shimfiɗa a tsakiyarta yana rage kukan da lasifika ke yi idan sauti ya koma cikin jitar. Duk da haka a ƙaramin dandamali inda lasifika ke gab da makaɗi, gwanin yakan yi taka-tsantsan da ita.

Idan ya shiga shago, mai kaya zai yi maza ya jona waya ya buɗe amfilifaya. Gwanin yakan ce, "Dakata tukuna, maigida, bari in ji ta haka nan." Jitar da ba ta da rai a kashe, wuta ba za ta ba ta rai ba. Yakan bugi tsirkiya ya ɗora tafin hannu a jikin katako ya ji ko girgizar tana daɗewa. Sai ya ɗaga ta ya hango wuyan daga kai zuwa gindi, kada ya kasance ya murɗe. Ya danna tsirkiya a firet na farko da na ƙarshe, wato ƙarafan da aka gitta a wuya, ya duba tsakiya: ya kamata a ga 'yar tazara kamar kaurin katin waya. In ta fi haka, yatsu za su sha wuya. In babu ita sam, tsirkiya za ta riƙa gogar ƙarfe tana zuzu. Yakan nemi makullin sandar ƙarfen da ke cikin wuyan ya tabbatar tana juyawa, domin da ita ake miƙe wuya idan yanayi ya lanƙwasa shi.

Sai babbar jarrabawa, ta firet na 12. Nan ne rabin tsawon tsirkiya, saboda haka sautin da ya fito a wurin dole ya zama na tsirkiyar a sake, sai dai a sama. In ya ɗan hau ko ya ɗan sauka, jitar za ta yi daidai a ƙasan wuya ta yi tsami a samansa, kuma a saman wuyan ne makaɗin coci ya fi zama don ya kauce wa mai kibod. Ana gyara wannan da matsar da 'yan sirdin da tsirkiyoyi ke hawa a gindin jita, shi ya sa yake duba ko kusoshinsu na motsi, ba su yi tsatsa ba. Yakan ja tsirkiya sama da yatsa sau da yawa ya sake, ya ji ko ta koma saitinta. Yana guje wa gindi mai lilo da sandar lanƙwasa sauti in ba dole ba, domin a irinsa tsirkiya ɗaya in ta tsinke tsakiyar waƙa, sauran biyar duk sai su bar saiti. A wurin da wata uwa cikin jama'a za ta iya tayar da waƙa a muryar da ta ga dama, makaɗi ya bi ta nan take, jitar da ke riƙe saiti ta fi mai ado.

Ya kuma san ƙasar da jitar za ta zauna. Katako yana son danshin iska wajen kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, hunturunmu kuwa yakan sauke shi ƙasa da 20. Katakon wuya sai ya tsuke, bakin ƙarafan firet ya leƙo yana yankan hannu; damina ta zo tsirkiyoyi su yi tsatsa. Don haka yakan shafa gefen wuya da yatsa a hankali, ba ya kuma barin shago ba tare da jaka ko akwati ba. Yakan rataya jitar a kafaɗa ya tsaya, domin Les Paul takan haura kilo 4, Stratocaster kuwa wajen kilo 3 da rabi, kuma daren addu'a yana da tsawo. Yana tuna matasan da za su riƙe ta: tsirkiyar Fender tsawonta inci 25.5 ne, ta fi tauri a yatsa, ta Gibson inci 24.75, ta fi sauƙi ga ƙaramin hannu.

Sunan da ke rubuce a kan jita ba ya ruɗinsa. Jabu sun yi yawa, kuma babban suna a kan ƙaramin farashi alamar tambaya ce. Ya gwammace Squier ta gaskiya, wadda ta Fender ce mai rangwame, ko Epiphone ta gidan Gibson, ko ta gwanjo mai lafiyayyen wuya, a kan mai ƙyalli da ba a san asalinta ba. Sayen nagari mai da kuɗi gida. Ba ya kuma zuba kuɗin duka a jita. Yakan ware na waya mai kyau, da na'urar saiti, da tsirkiyoyin ajiya, da ladan mai gyara da zai daidaita ta, domin jita matsakaiciya da aka saita da kyau ta fi mai tsada da aka bari yadda ta fito daga kwali. In dattawa suka tambaye shi me ya sa bai sayo wadda suka gani a talabijin ba, yakan amsa da ladabi: "Baba, waccan ta babban zaure ce. Wannan ita ce daidai ɗakinmu."

Hukuncin ƙarshe a majami'a ake yanke shi. Yakan miƙa jitar ga wani saurayi, ya sa mawaƙa su tayar da waƙa, shi kuma ya koma bencin baya inda tsofaffi ke zama. In yana jin kowace kalma ta waƙar, yana kuma jin jitar tana tallafa mata, ya san kuɗin baikon jama'a bai tafi a banza ba. In jitar ce kawai ke cika kunne, sai ya rage ta, ko ya mayar da ita shago. Abin da ya fi burge ni ke nan game da shi: makaɗi ne da ke ƙaunar jita fiye da kowa a wurin, amma duk iliminsa ya tattara shi ne don muryar jama'a ta fito sama da tasa. Ikkilisiyar da ke da irin wannan mutum ta kyautu ta riƙa haɗa shi da matasa biyu ko uku duk lokacin da zai je kasuwa, domin wannan kunne a gefen gwani ake koyonsa.