Daga Kaba Zuwa Tabarma: Gwanintar Masaƙan Fadamar Haɗeja

Duk wanda ya bi hanya daga Haɗeja zuwa Kirikasamma zai ga goruba tsaye a gefen fadama, ga kuma kaba, wato ƙananan goruba da ba su yi tsawo ba, sun yi cunkus a ƙasa. Daga ganyen kabar ake samun tabarma da faifai da mafici da igiya. A yankin ne dajin Baturiya yake, wanda aka sa cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2008.

Gwaninta tun daga yanka take farawa. Wanda ya san aiki ba ya saran kaba barkatai. Ganyen tsakiya yake zaɓa, wanda bai gama buɗewa ba, don ya fi laushi, ya bar tushen ya sake tofo. Sai a shanya har ya bushe ya yi fari. Daga nan a shiga tsaga: a cire ƙashin ganyen, a yanyana sauran sili-sili da wuƙa ko farce, kowane sili daidai da ɗan'uwansa. In ɗaya ya fi faɗi, saƙar za ta karkace. Ƙashin ma ba a zubarwa, tsintsiya ake ɗaurewa da shi.

In ana son ado, sai rini. A da, mutane sukan dafa karan dafi, wata irin dawa mai jan kube, su tsoma silin ya fito ja. Yau galurar kasuwa ta fi yawa. Kafin a fara saƙa a yayyafa ruwa, domin busasshiyar kaba karyewa take yi.

A saƙar ne ido ba ya iya bin yatsu. Sili ya hau, sili ya nutse, babban yatsa yana danna kowane layi ya matse. In sili ya kusa ƙarewa, a cusa sabo a ƙarƙashinsa yadda ba a ganin mahaɗa. Ba zane a takarda, lissafin adon a ka yake. A hankali doguwar saƙa mai faɗin tafin hannu take fita, a naɗe ta gefe. Sai a jera ta baki da baki, a ɗinke da basilla, wato babbar allura, a daje gefen don kada ya warware. Sau da yawa ana cikin hira ake wannan duka, yayin da na kusa da masaƙin a majalisa ya wuni bai ƙulla komai ba.

Manyan masu fasahar zamani suna ta binciken yadda za su yi aiki ba tare da ɓata muhalli ba. El Anatsui, ɗan Gana da ya koyar shekaru da yawa a Jami'ar Nsukka, murafun kwalabe da aka yar yake haɗawa da wayar tagulla, har ya karɓi babbar lambar baje kolin Venis ta Italiya a 2015. Masaƙin kaba bai ma bar sharar da za a tsinta ba: kayan aikinsa yana sake tofowa, tabarmarsa in ta tsufa ruɓewa take ta zama taki, saɓanin ta roba.

Saboda haka in ka je kasuwa ka ga tabarmar kaba, duba bakinta da mahaɗarta kafin ka taya, kuma ka biya kuɗin da ya dace da aikin.