Mahaɗin da Ba a Furtawa: Tarken Bidiyon Haɗi a Salaga da Yendi da Bawku

1.0 Gabatarwa

Duk mai riƙe da babbar waya ya saba ganin wani irin gajeren bidiyo da matasa ke ɗorawa a Facebook da TikTok da WhatsApp, wanda ake harhaɗa hotuna da guntayen bidiyo daban-daban, a aza musu waƙa ko kiɗa, sannan a rubuta 'yan kalmomi a kansu. Ana yin sa don biki da suna da Sallah da ta'aziyya da yabon sarki da tallar ɗan siyasa. A wannan takarda an kira shi bidiyon haɗi. Manufar takardar ita ce ta nuna wa ɗalibin harshe cewa ana iya tarken wannan abu kamar yadda ake tarken waƙa ko zube, kuma mafi yawan ma'anarsa tana kwance ne a daidai inda hoto ya haɗu da hoto. An zaɓi garuruwa uku na arewacin ƙasar Gana, wato Salaga da Yendi da Bawku, domin a dukkansu ana jin Hausa a zango da kasuwa, kuma kowannensu yana da tarihin da ake kaffa-kaffa da shi. Misalan da za a kawo siffar zubin ce kawai, ba a jingina su ga wani mutum ba.

2.0 Zubi da Tsarin Bidiyon Haɗi

Kayan aikin mai haɗi ba su wuce waya da manhaja irin su CapCut ko InShot ko KineMaster ba. CapCut ta kamfanin ByteDance ce, wato mai TikTok, kuma ta shiga kasuwannin duniya a shekarar 2020. Tun a 2017 WhatsApp ya buɗe wurin ɗora hoto ko bidiyon da ke ɓacewa bayan awa 24, wanda ya zama babbar rumfar baje kolin irin wannan aiki.

Idan aka feɗe bidiyon haɗi za a tarar da sassa huɗu: hotunan da aka zaɓa, da jerin da aka yi musu, da sautin da aka aza, da rubutun da ke bisa. Galibi manhajar tana zuwa da ƙirar da aka riga aka tanada, inda hoto ke sauyawa daidai da bugun kiɗa. Wannan ya yi kama da marubucin waƙa da ya ari karin Larabci ya zuba kalmomin Hausa a ciki. Amfanin ƙirar shi ne ko wanda bai ƙware ba zai fitar da abin da ke tafiya daidai. Illarta kuwa ita ce ba ta san nauyin abin da aka zuba mata ba. Daƙiƙar da ta ba hoton mai rawa ita za ta ba hoton gawa.

3.0 Mahaɗin da Ba a Furtawa

A nahawun Hausa, mahaɗi shi ne kalmar da ke ƙulla kalma da kalma ko jimla da jimla, kamar "da" da "amma" da "ko" da "sai". A dubi waɗannan jimloli biyu:

Baƙo ya shigo. Kaza ta ɓace.

Babu mahaɗi a tsakaninsu, kuma kowace tana iya zama gaskiya. Duk da haka mai sauraro ya riga ya gane ana tuhumar baƙo da sata. Shi da kansa ya sanya mahaɗin da mai magana ya ƙi furtawa. Idan aka tsare mai maganar, zai rantse bai ce kowa ɓarawo ba ne. Wannan ita ce hikimar habaici, kuma a kanta bidiyon haɗi ya ginu.

Masana fim sun daɗe da lura da haka. A wajajen 1920 wani ɗan ƙasar Rasha mai suna Lev Kuleshov ya yi wani gwaji da ya shahara. Ya ɗauki fuskar ɗan wasa guda wadda ba ta nuna komai, ya jera ta da kwanon abinci, ya sake jera ta da akwatin gawa, ya kuma jera ta da hoton mace. Kamar yadda ake ba da labarin, masu kallo sun ga yunwa a ta farko, baƙin ciki a ta biyu, sha'awa a ta uku, alhali fuskar ɗaya ce. Ke nan karin maganar da ke cewa gani ya kori ji tana bukatar gyara a nan, domin abin da mai kallo ya ɗauka ya gani, jera masa aka yi.

4.0 Salaga: Haɗin Tarihi

Salaga, a ƙasar Gwanja, ita ce kasuwar da ayarin fataken Hausa ke dosa a ƙarni na 19 domin sayen goron da ke fitowa daga dazukan Asante. Haka kuma babbar kasuwar bayi ce. Cinikinta ya fara ja da baya bayan da Ingilishi suka ci Asante da yaƙi a 1874, sannan yaƙin basasar 1892 ya tarwatsa mutanenta, da yawa suka koma Kete-Krachi.

Tun bayan shirin da gwamnatin Gana ta yi a 2019 na gayyatar jikokin bayi daga Amurka da sauran wurare su ziyarci ƙasar, tarihin bauta ya ƙara samun masu ɗaukar hoto. Haɗin da ya dace da bukatar baƙi yakan fara da mari da sarƙa, ya bi da tsofaffin rijiyoyin garin, sai ya tsallaka zuwa kurkukun Cape Coast ko na Elmina da bakin teku, da sauti mai sanyaya jiki. Mahaɗin da aka ɓoye shi ne "sai": aka kama su, sai aka kai su jirgi. Kowane hoto gaskiya ne, amma jerin ya haɗiye wani babban ɓangare. Ingila ta haramta cinikin bayi ta teku tun 1807, kuma da yawa daga bayin da aka sayar a Salaga bayan nan a cikin Afirka ta Yamma suka ƙare, musamman a hannun Asante, inda goro ke fitowa.

Akwai kuma kishiyar wannan haɗi, wanda ɗan zango mai kishin garinsa zai fi so: masallaci, da allo, da malamai, da sunan Alhaji Umaru, malami kuma mawaƙin da aka haifa a Kano, ya zauna a Salaga, ya rasu a Kete-Krachi a 1934. A nan an cire mari gaba ɗaya. Sai dai harshe ya tona asiri, domin wurin da ake yi wa bayi wanka kafin a kai su kasuwa sunan Hausa gare shi, Wankan Bayi. Manazarci ba zai yaba wa ɗaya daga cikin haɗin biyu da cikar gaskiya ba. Wanda ya cancanci yabo shi ne wanda ya yarda ya ajiye huhun goro kusa da mari, tun da a kasuwa ɗaya aka yi cinikinsu.

5.0 Yendi: Haɗin Yabo

Yendi ita ce mazaunin Ya-Na, sarkin Dagomba. A nan bidiyon haɗi ya fi yin armashi, musamman na bikin Damba da ake yi a watan Maulidi. Dawaki da rawa da jujjuyawar riga batakari da bugun kalangu duk suna da kari nasu tun asali, saboda haka sauyawar hoto ba ta yi musu dole. Irin wannan haɗi kirari ne da aka yi da hoto, kuma ya gaji wani ɓangare na aikin makaɗan fada da Dagomba ke kira lunsi, waɗanda ke riƙe da salsalar sarakuna a ka, kamar yadda makaɗan fada suke a ƙasar Hausa.

To amma jera sarakuna a Yendi magana ce mai nauyi. Gidan sarautar ya rabu biyu, Abudu da Andani. An tuɓe Ya-Na Mahamadu Abdulai na gidan Abudu a 1974, ya rasu a 1988. A watan Maris na 2002 aka kashe Ya-Na Yakubu Andani II tare da mutane da dama a fadar Gbewaa. Sai da kwamitin manyan sarakuna uku ƙarƙashin Sarkin Asante, Otumfuo Osei Tutu II, ya yi shekaru yana sulhu kafin aka kammala bukukuwan mutuwar sarakunan biyu, aka naɗa Ya-Na Abukari II a watan Janairu na 2019.

Saboda haka, idan matashi ya jera hotunan sarakuna ɗaya bayan ɗaya, sanya hoton wani ko tsallake shi hukunci ne a kan wanda ya cancanci a kira shi sarki. Makaɗin fada ya yi shekaru yana koyon abin da ake faɗi da wanda ake kewayewa, kuma idan ya yi kuskure an san gidansu. Mai haɗi bai sami wannan horo ba, ga shi masu kallonsa sun fi na dandalin fada yawa. A ɗaya ɓangaren, haɗin da ya ajiye dattawan gidajen biyu kafaɗa da kafaɗa ya yi amfani da mahaɗin "da", kuma ya faɗi abin da dogon jawabi zai sha wuyar faɗi.

6.0 Bawku: Haɗin Makoki

Bawku gari ne na kasuwanci kusa da iyakar Burkina Faso da Togo. Rikicin sarauta tsakanin Kusasi da Mamprusi ya faro tun wajajen samun 'yancin kan Gana a 1957, ya yi ta tashi yana kwantawa. An yi asarar rayuka a 2001 da 2008, ya kuma sake ɓarkewa a ƙarshen 2021, abin da ya jawo dokar hana fita da taƙaita hawa babur. A 2025 Sarkin Asante ya zauna da ɓangarorin biyu a Kumasi domin sulhu.

A gari irin wannan, haɗin ta'aziyya shi ne mafi bukatar nazari. Zubinsa na asali marsiyya ce: hoton mamaci yana murmushi, da ranar bikinsa, da makara, da addu'a a rubuce. Babu mai hana wanda aka yi wa rashi kukansa. Amma a ɗauka an ƙara hoto guda bayan makarar, na wani gida da ke cin wuta, ko na fuskar wani daga ɗaya ɓangaren. Nan take marsiyya ta koma tuhuma, mai kallo ya sanya mahaɗin "saboda" da kansa. Idan aka rufe da hoton bindiga, an ƙara masa da "don haka".

Abubuwa biyu ke ƙara wa wannan haɗari. Na farko, hoto ba ya zuwa da kwanan wata. Gobarar da aka yi shekaru goma da suka wuce, ko ta wani gari daban, tana iya zama kusa da gawar jiya, mai kallo ya ɗauka rana ɗaya ce. Na biyu, harshen rubutu da na waƙa suna zaɓar masu sauraro. Abin da aka faɗa da Kusaal ko Mampruli ya fi fuskantar 'yan gida. Hausa kuwa harshen ciniki ce da ƙabilu ke haɗuwa a kanta, saboda haka tana kai saƙo har ƙofar abokin gaba, ta kuma bi zango-zango zuwa Kumasi da Accra. Yadda take kai ta'aziyya haka take kai barazana.

Doka da masu tantance labari ba su cika kama wannan ba. Sashe na 208 na dokar laifuffuka ta Gana ta 1960 ya haramta yaɗa labarin ƙarya da zai tayar da hankalin jama'a, kuma akwai ƙungiyoyi irin su Dubawa, mai sunan Hausa, da ke binciken asalin hotuna. Sai dai ana iya tabbatar da kowane hoto ɗaya bayan ɗaya, a ga duk na gaske ne, ƙaryar kuma tana nan a mahaɗi. Wannan giɓi aikin masanin harshe ne.

7.0 Matakan Tarke

Ana ba ɗalibi shawarar bin waɗannan matakai:

(i) Ya mayar da kowane hoto jimla ɗaya, ya rubuta su a jere.

(ii) Ya sanya mahaɗin da zuciyarsa ta raya masa tsakanin kowace jimla da mai bi mata, sannan ya tambayi kansa ko akwai hujjar wannan mahaɗi a cikin hotunan.

(iii) Ya kashe sauti ya sake kallo, domin ya ware abin da hoto ya faɗa daga abin da waƙa ta sa shi ji.

(iv) Ya sauya jerin, ya ga ko jigon ya sauya.

(v) Ya nemi abin da aka cire, da wanda cirewar ta amfana.

(vi) Ya dubi harshen rubutun. Hausar Gana, wadda ake kira Gananci, tana da kamanninta, kamar furta "c" a gurbin "ky" da rashin bambanta jinsin namiji da mace a bakin masu magana da yawa. A nazarce su a matsayin siffofin karin harshe masu nuna inda mai haɗi ya fito da waɗanda yake yi wa magana, kada a yi saurin ƙirga su cikin kurakurai.

8.0 Kammalawa

Wannan takarda ta nuna cewa bidiyon haɗi yana da zubi da tsari da jigo da salo, kuma ya gaji abubuwa daga kirari da marsiyya da habaici. An ga yadda jeri ke rage tarihi a Salaga, da yadda yake yanke hukuncin sarauta a Yendi, da yadda yake mayar da makoki tuhuma a Bawku. Ma'aunin da aka kawo ɗaya ne: haɗi mai kyau shi ne wanda mai shi zai iya furta mahaɗansa da baki, a gaban waɗanda hotunansu ke ciki, ba tare da ya sunkuyar da kai ba. Ya kamata ɗalibi ya auna duk bidiyon da ya shigo wayarsa da wannan ma'auni kafin ya tura shi gaba.