Rufaffen Gidan Shuka Ba Na Zafin Yola Ba Ne

Noman tumatir da tattasai a gidan leda ya shiga ran masu jari, amma duk mai son kafa shi a Yola ko Jimeta gara ya fara lissafin zafi kafin na riba. A Maris da Afrilu zafi yakan haura digiri 40, alhali da ya wuce 35 furen tumatir kan kakkaɓe, ya ƙi ɗaukar 'ya'ya. Da tsakar rana kusan kilowat 1 na ƙarfin rana ke sauka kan kowace murabba'in mita, leda kuwa ta shigar da shi ta riƙe. Gidan da aka rufe ruf, irin na Holan, yana da hujjarsa a can: suna adana zafin bazara cikin ruwan ƙarƙashin ƙasa, su ɗumama gidan da shi da hunturu. Mu ba mu da sanyin da zai cinye wannan ajiya, sai dai na'urar sanyaya ta wuni tana aiki, janareta na shan mai. Aka ɗauke wuta da azahar kuwa, shuka na iya dahuwa a tsaye.

Abin da ya dace da mu shi ne gida mai dogon rufi da kafofin fitar iska a sama, da ragar inuwa ko shafen farar ƙasa, yadda manoman Almeriya a Sifen ke yi. Idan bazara ta tsananta, sai a ƙara jiƙaƙƙen bango a gefe guda, fanka a ɗaya gefen tana janyo iska ta cikinsa. Dabarar randa ce: ruwan da ke tashi yana tafiya da zafi. Busasshiyar iskar Maris ta fi karɓar wannan aiki, kuma sola ta fi ba da wuta daidai lokacin da fanka ke bukata.

Za a ce rufewa ruf na tsare shuka daga ƙwari, a tuno tsutsar da ta cinye tumatir a Kano da Kaduna a 2016. Gaskiya ne, amma raga mai ƙananan ido da ƙofa biyu a mashiga suna rage wannan ba tare da kuɗin mai ba. Za a kuma ce jiƙaƙƙen bango na shan ruwa, ga shi ba ya tasiri da damina. To, a kafa gidan kusa da Binuwai ko tafkin Geriyo, da damina kuwa zafi ya sauka, buɗe kafofi ya wadatar. Ma'aunin dai ɗaya ne: tumatirin da mai cefane a Yola ba zai iya saye ba, an yi noman asara.