Jadawalin Hudson da Abin da Ya Ɓoye

A shekarar 1960 William Hudson ya wallafa sakamakon gwajin da ya yi a Afirka ta Kudu game da yadda mutane ke fahimtar zane. A jikin takardar akwai maharbi riƙe da mashi, da barewa, da kuma giwa ƴar ƙarama bisa tudu a tsakaninsu. Akan tambayi mutum wace dabba maharbin ke auna, wace ce kuma ta fi kusa da shi. Wanda ya ce barewa, an ce ya gane nisa a cikin zane. Wanda ya ce giwa, an ce bai gane ba. Daga nan aka zuba amsoshin cikin jadawali, aka nuna cewa ƴan makaranta sun fi waɗanda ba su yi boko ba.

Lissafin ba shi da aibu. Aibun yana ga gidajen jadawalin, domin biyu ne rak, kuma an gina su tun kafin a saurari kowa. Da za a yi tambayar da Hausa, kalmar "kusa" kaɗai ta isa ta rikita al'amari: kusa a daji ake nufi, ko kusa a jikin takarda? Wanda ya ɗauki ma'ana ta biyu ya faɗi gaskiya, to amma jadawali ba shi da inda zai ajiye dalilinsa. A 1968 Jan Deregowski ya sake gwaji a Zambiya, inda ya sa yara su harhaɗa abin da suka gani a zane da ƴan sanduna. Da yawa daga cikin waɗanda ma'aunin Hudson ya kayar suka gina siffa mai tsawo da faɗi da zurfi.

Wannan batu ya shafi Yamai kai tsaye, ganin cewa tun 1964 aka fara koyar da yara ta talabijin a Nijar, kuma littattafan yaƙi da jahilci sun dogara ƙwarai ga hoto. Mai tsara littafi da ya dubi kason da ke cikin jadawali kaɗai zai iya cire zane daga darasi, alhali kuwa gyaran tambaya ake bukata. Saboda haka ya kamata duk jadawalin da za a buga daga irin wannan gwaji ya zo tare da tambayar kamar yadda aka furta ta da Hausa ko Zabarmanci, da adadin mutanen da aka gwada, da kuma ƴan misalai na amsoshin da suka ƙi shiga kowane gida.