IKWE: Auren Dole a Kasuwar Fatu

Wanda ya saba da finafinanmu na auren dole zai ɗauka ya san inda Ikwe ya dosa tun daga fitowar farko. Ni ma haka na ɗauka, sai ga shi ban canka daidai ba.

Fim ne na ƙasar Kanada da darakta Norma Bailey ta yi a 1986, bai cika awa ɗaya ba. A 1770 aka aurar da wata yarinya 'yar ƙabilar Ojibwe ga wani falke ɗan Sikotilan mai sayen fatu, ya tafi da ita gaɓar Jojiyan Be. Danginta sun samu riba, ita kuwa ta samu kaɗaici. Sunan nata ma, Ikwe, "mace" yake nufi a harshensu, kuma da harshen aka yi yawancin maganganun. Nan kam na jinjina wa daraktar.

Inda muka raba hanya shi ne yadda tausayi ya rufe ciniki. Mai karatu, irin wannan aure ba Turawan Birtaniya suka fara shi ba, gadonsa suka yi daga fataken Faransawan Kanada. Tun kafin Faransa ta rasa ƙasar a 1763, a zangonni kamar Su Sen Mari, inda 'yan mishan suka zauna a 1668, da Mishilimakinak da aka gina wajen 1715, falke ba ya samun fatar biba, dabbar ruwan nan da ake hulunan Turai da gashinta, sai ya zama suruki. Matar ce tafinta, ita ke ɗinka takalman fata, ita ke tanadin shinkafar daji da ake ci a hunturu. In ta juya baya, to kasuwa ta mutu. Kuma Ojibwe ba kanwar lasa ba ne: a 1763 ɗin, da dabarar wasan ƙwallon sanda suka ƙwace Mishilimakinak daga sojan Birtaniya.

Wannan ƙarfin ne na so in ƙara gani a fuskar Ikwe, ba haƙuri kaɗai ba. Sai dai fa mafarkin da ta yi tun farko, yadda ya zo ya tabbata a ƙarshe, ya hana ni barci. Ba zan ɓata maka shi ba, nemi fim ɗin ka gani.