Daga Kofi Zuwa Giram: Sharhi Kan Juya Awon Ɗoɗɗoya a Rubutun Girki

Duk wanda ya tashi fassara bayanin girki zuwa Hausa sai ya ci karo da matsalar awo. Wannan sharhi zai dubi ɓangare guda na matsalar, wato jadawalin da ake bugawa don juya awon mazubi zuwa awon nauyi, tare da ɗaukar ganyen ɗoɗɗoya a matsayin misali.

Al'adar awo da kofi da cokali ta kafu ne a Amurka, kuma littafin girkin da Fannie Farmer ta fitar a Boston cikin 1896 ya taimaka ƙwarai wajen yaɗa ta. A yawancin ƙasashen Turai kuwa, da sikeli ake aiki. Jadawalin juyi ya taso ne don sasanta tsakanin biyun, kuma aibinsa shi ne yakan ba kofi adadin giram guda tak, alhali kuwa shi kansa kofin bai tsaya wuri ɗaya ba. Na Amurka yana ɗaukar mililita 237, na Ostireliya kuwa 250. Babban cokali mililita 15 ne a yawancin ƙasashe, amma 20 ne a Ostireliya.

Ko da an daidaita mazubin, ganye ba ruwa ba ne. Bisa alƙaluman Ma'aikatar Aikin Gona ta Amurka, kofi ɗaya na ɗanyen ganyen da ba a yanka ba yana kai giram 24, amma idan aka yayyanka shi sai ya kai wajen giram 42, domin iskar da ke tsakanin ganyayen ta ragu. Haka nan babban cokali na busasshen ganye giram 2.1 ne, na dakakke kuwa 4.5. Sa'an nan fiye da kashi 90 cikin ɗari na nauyin ɗanyen ganye ruwa ne, shi ya sa masu girki kan musanya cokali 3 na ɗanye da cokali 1 na busasshe.

Akwai kuma kuskure na suna. Ganyen da Italiyawan Janowa ke dakawa su yi miyar taliya shi ne Ocimum basilicum, mai laushi da sanyin ƙamshi. Ɗoɗɗoyar da aka fi sabawa da ita a ƙasar Hausa ta fi shi ƙarfin ƙamshi. Mai fassarar da ya rubuta "ɗoɗɗoya giram 24" kurum, ya manta cewa kama da wane ba ta wane.

Abin lura a nan shi ne Hausa ba ta rasa kalmomin warware wannan ruɗani ba. Mai awo a kasuwa ya san bambancin mudu shafaffe da mudu mai tozo, uwargida kuma ta san tsinkakke da yankakke da dakakke da dannanne. Waɗannan sifofi su ne ke ba adadi ma'ana, kuma su ne jadawali ke zubarwa.

Saboda haka ya kamata mai fassara ya bayyana girman mazubi da halin ganye da irinsa kafin ya rubuta giram. In ba haka ba, ɗaliba za ta bi rubutu sau da ƙafa, miya ta ɓaci, sa'an nan a ɗora laifin a kan Hausa, a ce ba ta iya ɗaukar ilmin awo.